Gidan haya a Agiye, Gazawa da Gidan Rumji: lissafin da za a yi kafin a sayi buhun siminti na farko



Da zarar an kammala girbi, an ɗaure dammunan hatsi, an kai aya da wake da riɗi kasuwa, sai maganar gini ta taso. A daidai lokacin ne kuma ƴan uwanmu da ke neman kuɗi a Najeriya, Libiya, Aljeriya, Gana, Abijan ko Saudiyya ke bugo waya suna tambaya: in na aiko da abin da na tara, a gina mini gidan haya, zai fitar da ni? Amsar a taƙaice ita ce: zai iya fitarwa, amma ba kowane gida ba, ba kuma a kowane wuri ba. Gidan haya kasuwanci ne. Wanda ya shige shi ba lissafi, kuɗinsa zai kwanta cikin bango shekara da shekaru. Ga abubuwan da ya kamata a duba, ɗaya bayan ɗaya.

Wa zai shiga gidan?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin maganar fili ko magini. A ƙauyukanmu kusan kowa a gidansu yake zaune, ko a gidan gado. Mai biyan haya baƙo ne wanda aiki ya kawo: malamin makaranta, ma'aikacin likita, jandarma, ma'aikacin gidan gona ko na gandun daji, ma'aikacin ƙungiyar agaji, ɗan kasuwa, sai kuma saurayin da ya yi aure bai samu wuri a gidansu ba. Irin waɗannan mutane suna taruwa ne inda akwai ofisoshi, makarantun sakandare da kasuwa. Shi ya sa haya ta fi tafiya a garuruwan da ke bakin babbar hanyar kwalta ta ƙasa mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Rumji, Tibiri, Maradi, Cadawa, Agiye, Gazawa ta wuce Tasawa. Ƙauyen da ke nesa da hanya, mai makarantar firamare guda, ɗaki biyu ko uku sun ishe shi. In ka gina goma, bakwai za su zama wurin kwanan awaki.

Kowane gari kuma da irin buƙatarsa. Gazawa ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Agiye, kuma sabuwar gunduma tana zuwa da ma'aikatanta. Yankin Cadawa da Agiye an san shi da noman aya. A irin wannan wuri shago a bakin kasuwa, ko mangaza mai ƙofar ƙarfe da busasshen daɓe inda ɗan kasuwa zai ajiye buhuna har kaya su yi daraja, kan fi ɗakin kwana kawo kuɗi, ga shi ba ruwanka da famfo ko makewayi. A gundumar Gidan Rumji kuwa, tun daga 2019 dubban ƴan uwanmu daga jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako saboda ƴan bindiga, aka zaunar da wasu a wurare irin su Cadakori, Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Ƙungiyoyin agaji sun biyo su, suka kama ofisoshi da gidaje. To amma a lura: aikin ƙungiya yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Kada mutum ya gina babban gida don ya ga wata ƙungiya na biyan haya mai tsoka, ba tare da ya tambayi kansa wa zai iya biya in sun nannaɗe tabarmarsu ba.

Shawara mai sauƙi: a sa wani ya zagaya unguwar, ya ƙirga gidajen hayar da ke akwai, nawa ke cike, nawa ke rufe da kwaɗo, nawa ake biyan ɗaki guda, nawa ake biyan ciki da falo. Gani ya kori ji.

Lissafi a fili

Ga misali. Alƙaluman nan misali ne kawai don a gane hanyar lissafin, kowa ya sa na garinsu. Ga waɗanda suka saba da naira, jikka ɗaya ita ce sefa 1,000.

A ce kana da ɗakuna 4, kowane ana biyan jikka 10 a wata. Jikka 40 ke nan a wata, jikka 480 a shekara. A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ce alhamdu lillahi. Amma da sauran magana. Malamin makaranta yakan tafi gida lokacin babban hutu, wani a canza masa wurin aiki, ɗaki ya zauna ba kowa. Cire wata biyu: saura jikka 400. Cire jikka 60 na gyara: yaɓe, kwaɗo, ƙofar da gara ta ci, kwashe masai. Saura 340. Cire jikka 40 na ladan mai karɓar haya da haraji. Abin da ya shiga aljihunka da gaske jikka 300 ne.

Yanzu a raba. In fili da gini sun ci miliyan 6, sai bayan shekara 20 uwar kuɗi za ta dawo. In kuwa tsohon gida ne da kake da shi tun da, ka kashe miliyan 1 da rabi ka gyara, cikin shekara 5 kuɗinka ya fita. Sannan a dubi mai gina katafaren gida na miliyan 15, da tayil da fenti mai walƙiya. Ko ya samu mai biyan jikka 50 a wata, bayan cire-cire zai yi wuya ya wuce jikka 450 a shekara, wato sama da shekara 30. Ga wani abu kuma: mai ɗakuna 4, in mutum ɗaya ya tashi, uku na biya. Mai babban gida guda, ranar da ɗan hayarsa ya tashi, ko dala ba ta shigowa.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne, a ƙananan garuruwanmu aljihun ɗan haya ne ke yanka farashi, ba kyawun gida ba. Malami ɗan kwantiragi ba zai ninka abin da yake biya don ka sa masa tayil ba. Amma zai zaɓi gidanka, ya kuma daɗe, in rufi ba ya yoyo, ƙofa na kulluwa, makewayi na da tsabta, ruwa na kusa.

Gaskiya ne gida yana da wani amfani bayan haya: fili a gari mai bunƙasa yakan ƙara daraja, kuma gida ba ya mutuwa kamar sa, ba ya rubewa kamar wake. Ga wanda ke samun naira, ya ga yadda darajarta ta zube tun daga 2023, mayar da ita bango a gida wata hanya ce ta tsare gumi. Sai dai a san cewa ajiya ce mai jinkirin haihuwa. Kada a sayar da gonar da ke ciyar da iyali, ko a ci bashin da za a biya cikin shekara guda, don ginin da sai ya shekara goma zai mayar da kuɗinsa.

Takarda kafin tubali

Rigimar fili ta raba zumunta da yawa a yankin nan, inda jama'a ke ƙaruwa, ƙasa kuwa ba ta ƙaruwa. In filin yana cikin wurin da hukuma ta yanka ta raba, takardar da ake nema ita ce wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, wadda aka fi sani da sunanta na Faransanci, acte de cession. Kada a tsaya ga ganin takardar a hannun mai sayarwa. A je ma'aikatar, a buɗe rajista, a ga lambar filin da sunan da ke kai, domin ana sayar da fili guda wa mutum biyu. Wanda ke son ƙarin ƙarfi sai ya nemi babbar takardar mallaka, titre foncier, a ofishin kula da filaye.

In kuwa gona ce ko filin gado a bakin gari, tun 1993 ƙasarmu ke da kundin dokokin karkara, wanda a ƙarƙashinsa aka kafa kwamitocin ƙasa da ake kira COFO, a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye. A yi ciniki gaban maigari da shaidu, a kira maƙwabtan filin su nuna iyaka, a rubuta takardar saye, a kai ta COFO. A kuma tabbata wurin ba burtali ba ne, ba makiyaya ba, ba kuma filin da aka ware wa makaranta ko maƙabarta ba.

Ɗan uwa da ke waje, ka kula da wannan: takarda ta fito da sunanka, ba da sunan wanda ka aika ba. Ba zargi ba ne. Rai ne, yau kana nan gobe ba ka nan. In takarda na ɗauke da sunan yayanka, ranar da Allah ya yi masa rasuwa, gidanka ya shiga cikin gadon ƴaƴansa.

Haka nan gidan gado da ba a raba ba. Mutum ya ga gidan mahaifinsu na zubewa, ya turo kuɗi a gyara a sa haya. Niyya mai kyau ce. Amma gidan na magada ne duka, maza da mata. Ranar da haya ta fara shigowa, kowa zai tuna da rabonsa, ba wanda zai tuna da simintinka. Kafin a taɓa bango, a zauna da dukan magada da malami: ko a raba gado, ko ka sayi kason sauran, ko a rubuta cewa za ka fara cire abin da ka kashe kafin a soma raba haya. Mata ma su riƙe wannan. Tun 1991 da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi, mata da yawa sun saba da tara kuɗi. Wadda ta gina ɗaki da kuɗinta a filin miji ko na ɗan uwa, ta nemi shaida a rubuce.

Gyara: a fara daga inda ruwa ke shiga

Babban abokin gaban gida a wurinmu ruwa ne. Ba mu manta daminar 2024 ba. A ƙarshen watan Agusta, ruwan da ya sauka a birnin Maradi cikin ƴan sa'o'i ya rushe gidaje, ya ci rayuka. A farkon Satumba tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari a tsaye, ya faɗi. A faɗin ƙasa mutane kusan 400 suka rasu a daminar, sama da miliyan ɗaya suka tagayyara. Yawancin gidajen da suka zube na ƙasa ne, waɗanda ruwa ya jiƙa gindinsu ko ya kwanta a rufinsu.

Don haka, kafin a sayi fili ko tsohon gida, a tambayi dattawan unguwa inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Filin da ke cikin kwari, ko kusa da Gulbin Maradi ko Gulbin Kaba, ko a tsohon tabkin da aka cike da shara, yana da araha da rani, amma araha ba ta ado. Wanda ke da hali ya je ya ga wurin a watan Agusta.

Idan an zo gyara, ga tsarin da ya fi dacewa a bi.

Na farko, rufi. In soron ƙasa ne, a duba azara ko gara ta cinye ta, a sake yaɓe, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa da bango. In kwano ne, a ɗaure katako ko ƙarfen rufin da jikin gini sosai, saboda iskar farkon damina ita ke kwashe rufi. A bar kwanon ya ɗan zarce bango ya kare shi daga feshi.

Na biyu, gindin bango. A ɗaga shi da dutse ko bulo na siminti, a cike tsakar gida ta fi titi tudu, a buɗe wa ruwa hanyar fita. Masu shafa siminti a kan bangon ƙasa su sani, in ba a yi shi da kyau ba, da raga ko ƙusoshin da za su riƙe shi, yakan ɓamɓare, ruwa ya shiga bayansa ya ci ƙasar a ɓoye. Daga waje gida na sheƙi, ciki ya rube. Ko ƙaramar tsaga a toshe ta da wuri, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku, makewayi da ruwan wanka. A ƙasar jigawa irin ta wajen Agiye, ramin masai da ba a gina cikinsa ba yana iya ruftawa. A gina shi, a nisanta shi da rijiya kamar mita 30, a kuma haƙa ramin da ruwan wanka zai shiga maimakon a sake shi a titi, ya jawo sauro da faɗa da maƙwabta.

Na huɗu, ƙofa, taga da katanga, domin ɗan haya yakan kulle ɗaki ya yi tafiya. Na biyar, ruwa da wuta. Inda wutar NIGELEC ta kai, in da hali kowane sashe ya samu nasa mitar, don kuɗin wuta na haɗaka shi ne tushen rabin rigimar gidan haya. Inda ba ta kai ba, ƙaramin faifan hasken rana mai kunna ƙwai da cajin waya yana jawo mai haya. Fenti da ado su ne na ƙarshe. Kada a manta da dasa bedi ɗaya ko biyu a tsakar gida, nesa kaɗan da bango: a watan Afrilu da Mayu, inuwa ta fi tayil daraja.

Lokacin aiki shi ne daga bayan girbi zuwa kafin saukar ruwa. Wanda ya bari sai hadari ya haɗu a watan Yuni kafin ya nemi magini, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Game da siminti, a watan Oktoban 2024 gwamnati ta ƙayyade farashinsa, inda aka sa tan guda jikka 57 a jihar Maradi. Tan buhu 20 ne masu kilo 50. A tambayi farashin ranar a kasuwa, a ƙara da kuɗin mota zuwa gari. A kuma yi magana da mai buga bulo kan adadin da zai fitar a kowane buhu, a riƙa ba bulon ruwa har kamar mako guda. Bulon da aka cika wa yashi, da hannu ma sai ka murje shi.

Ga masu aiko da kuɗi daga nesa

Mun sha jin koke iri guda: an yi shekaru ana turo kuɗi, mai shi ya dawo ya tarar da gini iya gwiwa. Wani lokaci cin amana ne. Sau da yawa kuma ba haka ba ne: kuɗi sun iso ranar da hatsi ya ƙare a rumbu, ko yaro ba lafiya, ko ana suna, wanda aka ba riƙo ya rasa yadda zai ce a'a. Maganin wannan shi ne tsari.

A raba kuɗin cefanen gida da kuɗin gini, kowane da lokacin aikensa. A yi aiki mataki-mataki: tushe, bango, rufi, ƙofofi. Ba a tura na gaba sai an ga na baya a hoton bidiyo ta WhatsApp, mai ɗauka yana tafe yana nuna gini da maƙwabtansa. In zai yiwu, a biya mai sayar da siminti da kwano kai tsaye ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita, Amana ko Al Izza, a adana rasit. Wakili ya zama mutum ɗaya, a yanka masa lada a fili, don wanda ya bar gonarsa yana tsaye kan ginin wani ya cancanci haƙƙinsa. Sannan a samu mutum na biyu, wanda kuɗi ba sa bi ta hannunsa, ya riƙa leƙawa.

Akwai kuma maganar da ake jin nauyin faɗa. Ranar da gida ya kammala, wani ɗan uwa zai zo ya ce a ba shi ɗaki kafin ya samu wuri. Taimakon dangi alheri ne, amma a yanke shawara tun farko: ɗaki kaza na zumunci ne, sauran na haya. In ba haka ba, ka gina gidan haya, ka tashi da gidan saukar baƙi, gyara kuma na kanka.

Tsakanin mai gida da ɗan haya

A rubuta yarjejeniya, ko da a takarda guda ce, da boko ko da ajami, gaban shaidu biyu. A sa kuɗin wata da ranar biya, kuɗin ajiya da sharaɗin mayar da shi, wa ke biyan ruwa da wuta, wa ke kwashe masai, da wa'adin da za a ba juna kafin tashi. A zagaya gidan tare ranar shiga, a ɗauki hoto. Duk wata a ba da rasit, ko a sa hannu a littafi. Babban gyara irin na rufi da bango na mai gida ne. Abin da ɗan haya ya lalata da hannunsa, shi zai gyara.

Ɗan haya ma yana da haƙƙi. Albashi yakan yi jinkiri, wanda ya saba biya a yi masa uzuri. In abu ya ƙi, ba a cire wa mutum ƙofa ko kwano, ba a watsa masa kaya a titi. A kai magana gaban mai unguwa ko sarki a yi sulhu, in ba ta ƙare ba, kotu na nan. A kuma leƙa ofishin haraji a ji abin da ke kan gidan haya, kada ya taru. Ta fuskar addini, abin da malamai suka fi tafiya a kai shi ne ba a fitar da zakka a kan ginin da aka sa haya, sai a kan kuɗin hayar in sun kai nisabi shekara ta zagayo. Mai gida ya zauna da malamin garinsu ya yi masa bayani.

Abu na ƙarshe: duk shekara a ware hayar wata ɗaya ko biyu, a ajiye ta daban don gyaran kafin damina. Gidan da ake ci ba a mayar masa, shekara biyar ta ishe shi ya koma kango.

Jama'a, masu gidajen haya, magina da ƴan haya na Agiye, Gazawa, Gangara, Cadawa, Tibiri, Gidan Sori, Saye Sabuwa, Cadakori da Gidan Rumji, muna jiran kiranku da saƙonninku: nawa ake biyan ɗaki a garinku, wace matsala kuka fi fuskanta? Ƴan uwa na nesa, ku tura wa wanda kuka san yana shirin aiko da kuɗin gini. Allah ya sa albarka a nema, ya tsare mana guminmu. Mu kwana lafiya.